Wa ya jera duwatsun bayan garinmu, kuma me ya sa ɗaya yake ƙara?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke kudancin Jigawa, tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. A bayan garinmu akwai wani dutse da muka taso muka tarar, manyan curi-curi ne ɗaya bisa ɗaya, har akwai wanda ya fi ɗaki girma amma yana zaune a kan ɗan ƙarami, kai ka ce yanzu zai gangaro. A cikinsu akwai wani falale wanda in ka buga shi da dutse sai ya yi ƙara kamar kuge. A ƙarƙashin wata rumfar dutse kuma akwai jan zane da ya dushe, mai kama da shanu. Tsofaffi sun ce aljanu ne suka jera duwatsun, samari kuma sun ce ƙarar nan alama ce ta ƙarfe ko zinariya a ciki. Yanzu ga masu fasa dutse sun zo suna neman wurin. Ɗalibaina suna tambayata, ni kuwa ba ni da amsa. Yaya dutsen nan ya samu, kuma su wa suka yi zanen?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da ka tsaya ka tambaya kafin a sa wa wurin nakiya. In na fahimce ka, kana son sanin yadda duwatsun suka hau kan juna, da dalilin ƙarar falalen, da masu zanen, sannan a ƙarƙashin duka akwai tambayar da ta fi gaggawa, wato ko a bar wa masu fasa dutse wurin. Ni ilimin duwatsu na karanta, kuma yawancin aikina neman wurin da za a haƙa rijiyar burtsatse ne a karkarar Kano da Jigawa. Saboda haka a kan dutsen kansa zan yi magana da bakina, a kan zanen kuwa zan jingina da aikin masu binciken kayan tarihi. Ban ga dutsenku da idona ba, amma irin wanda ka siffanta ya cika wannan yanki, tun daga Dutse har Shira.

Batun aljanu sha'anin gaibu ne, ba fagena ba ne, kuma ban ga dalilin da zai sa ka yi jayayya da dattawa a kansa ba. Allah ne ya halicci dutsen, ya kuma sanya wa kowane abu sababi. Sababin wannan kuwa ana iya ganinsa da ido a taɓa shi da hannu. Babu wanda ya ɗauki wani curi ya ɗora a kan wani. A da can dukkansu dutse guda ne dunƙulalle, a binne a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ke tsakaninsu ne ya ruɓe ya tafi, su kuma suka rage a inda suke tun asali.

Asalin dutsen

Ka samo ɓallin da ya fashe kwanan nan, ka kai wa ɗalibanka aji su duba shi a cikin hasken rana. Za su ga ba abu ɗaya ba ne, ƙwayoyi ne a manne da juna. Akwai masu launin toka da ke sheƙi kamar gilashi, su ne ƙanƙarar dutse, kuma su ne suke zama yashin rafi in dutsen ya lalace. Akwai masu fari ko ja-ja, waɗanda suka fi yawa, su ne kuma suke komawa yumɓu. Sai baƙaƙen ɗigo-ɗigo, wasunsu suna ɓarewa falle-falle in ka sa farce. Dutsen da ke da wannan haɗi shi ake kira giranit. Narkakken dutse ne da ya taso daga can cikin ƙasa, bai kai ga fitowa fili ba, ya tsaya ya huce a hankali cikin dubban shekaru. Jinkirin hucewar nan shi ya ba ƙwayoyin damar girma har ido yake ganinsu. Da ya fito fili ne ya huce da sauri, da ƙwayoyin sun yi ƙanƙanta ƙwarai. Ma'anar wannan ita ce, wurin da yaranku suke hawa suna wasa a yau, a da akwai wani dutsen mai kauri sosai a bisansa, wanda ruwa da iska suka cinye suka kwashe.

A ƙasar Kano da Jigawa giranit iri biyu ne, tsoho da sabo. Tsohon ya samu ne kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin da manyan sassan ɓawon duniya suka yi karo da juna a wannan ɓangare na Afirka, suka tada tsaunuka masu tsawo, gindinsu ya narke. Tsaunukan sun daɗe da ƙarewa, saiwarsu ce ta rage, ita ce shimfiɗar da yawancin ƙasar Hausa take zaune a kai. Sabon kuwa, wanda sabuntarsa a lissafin duwatsu ce kawai, gindin tsoffin duwatsu masu aman wuta ne da suka huda tsohuwar shimfiɗar. Sun fi hamsin a Najeriya, kuma a jere suke daga arewa zuwa kudu. Na garin Dutse an auna shekarunsa kimanin miliyan 213, na Afu a jihar Nasarawa kimanin miliyan 141, na Jos suna tsakani. Jerin ya faro ne tun daga Azbin a Nijar, inda suka fi tsufa nesa ba kusa ba, ya biyo ta Damagaram, yana raguwa a shekaru yana yin kudu. Duwatsun Fagam da na Shira da na Ningi duk 'yan wannan dangi ne, haka ma Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa ta Kano, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Garinku yana inda iri biyun suke maƙwabtaka, don haka sai an ga dutsen, wani lokaci ma sai an yanka shi siriri an duba a madubin ƙara girma, kafin a ce ga gidan da ya fito.

Kada a haɗa shi da Dala da Goron Dutse na birnin Kano. Waɗannan marmara ce ta rufe kansu, shi ya sa samansu yake a baje kuma jikinsu ja. Tuddan Kazaure su ma wani iri ne dabam, tsofaffin duwatsu ne da zafi da matsi suka sauya, shi ya sa suka miƙe dogaye.

Akwai abin da zai burge ɗalibanka a nan. Ka tambaye su me ya sa mutumin Haɗeja ko Gumel ko Maigatari yake iya girma bai taɓa hawa dutse a garinsu ba. Shimfiɗar giranit ɗin tana can ƙarƙashinsu, amma tana yin arewa maso gabas tana nutsewa, yashi da laka na kwarin Tafkin Chadi suka binne ta. Mu masu aikin rijiya mun san wannan iyaka sarai. A wancan ɓangare injin haƙa yana ratsa yashi da yumɓu ne, ruwa kuma yana kwance a cikin yashin. A ɓangarenku kuwa, in ba a dace da tsaga ko ruɓaɓɓen dutse mai kauri ba, sai a kashe kuɗi a tashi da busasshiyar rijiya.

Yadda suka hau kan juna

Nan ne zuciyar maganar, don haka ka ba ni dama in ɗan daɗe.

Giranit ba ya zama lafiyayye gaba ɗaya. Yayin da yake hucewa yana tsukewa, daga baya kuma nauyin da ke kansa yana raguwa, ga motsin ƙasa, sai ya tsattsage. Tsagogin ba barkatai suke ba. Wasu suna tsaye sun nufi gefe guda, wasu suna tsaye sun gicciye su, wasu kuma suna kwance. In ka haɗa ukun sai ka ga dutsen ya rabu gida-gida masu kusurwa huɗu tun yana binne, kowane gida yana zaune daram a kan na ƙasansa.

Sai ruwan sama ya shigo. Ruwan da ya ratsa ƙasa mai ruɓaɓɓen ganye da saiwoyi yana ɗaukar ɗan tsami kaɗan, ya bi tsagogin nan ya zauna. Ba ya iya yi wa ƙanƙarar dutse komai, amma fararen ƙwayoyin nan da jajayen yana mayar da su yumɓu a hankali, baƙaƙen kuma su yi tsatsa. Da zarar sun lalace, dutsen ya saki jiki, ya zama abin da za ka iya murtsukewa da hannu ko ka sara da diga. Ruwan yana cin kowane gida ta fuskokinsa, amma a gefe yana cinsa ta fuska biyu, a kusurwa kuma ta fuska uku. Ka duba sabon sabulun wanki: kusurwoyinsa ne suke fara tafiya, kafin mako ya zagayo ya zama mulmulalle. Haka gidajen nan suke zama curi-curi, kowanne da lafiyayyar zuciya a tsakiya, ruɓaɓɓen dutse kuma ya kewaye shi. Duk wannan yana faruwa ne a cikin duhu, a ƙarƙashin gona, ba a sarari ba.

Wannan ba labarin littafi ba ne kawai, muna cin karo da shi a bakin aiki. Injin yana tafiya cikin taushi, ƙurar da ke fitowa ja-ja ce mai yumɓu, kwatsam sai ƙarar ta sauya, gudumar ta fara dukan abu mai tauri, ƙura ta koma fara mai kaifi. Mai injin da bai saba da yankin ba sai ya ce an kai dutse, a tsaya. In ka ce ya ci gaba, bayan mita ɗaya ko biyu sai sandar ta sake zurmawa cikin taushi, sau da yawa ma a nan ruwan yake. Curi ɗaya muka huda, irin na bayan garinku, sai dai shi har yanzu yana binne. In kana son ɗalibai su gani da idonsu, ka kai su ramin da masu aikin hanya suka ɗebi ƙasa, ko gaɓar da rafi ya zaftare kusa da dutsen. Za su ga mulmulallen dutse a zaune cikin ruɓaɓɓe, jikinsa yana ɓarewa ɓawo-ɓawo, kuma in sun lura za su ga layin tsagar ya ratsa ruɓaɓɓen ya wuce.

Mataki na biyu shi ne tonewa. Yanayin wannan ƙasa bai tsaya wuri ɗaya ba. An yi zamunan damina mai yawa da daji mai duhu, lokacin da ruɓewa take yin zurfi. An kuma yi zamunan fari da ciyayi suka ƙare, ƙasa ta zama tsirara, ruwan da ya sauko da ƙarfi ya riƙa kwashe ta. Kimanin shekara dubu 20 da suka wuce hamada ta sauko har cikin ƙasar Hausa, kuma dogayen jigayin yashi da ke arewacin Jigawa tuddan rairayi ne na zamunan fari irin wannan, waɗanda ciyayi suka kama daga baya. Duk lokacin da kwashewa ta fi ruɓewa sauri, sai ƙasa ta yi ƙasa, curi-curin su fara leƙowa. Ruwa ya wanke ruɓaɓɓen da ke tsakaninsu, na sama ya sauka kaɗan ya zauna a kan na ƙasa. Wasu sun gangara, su ne kake gani a warwatse a gindin dutsen. Waɗanda nauyinsu ya daidaita a kan abin da ya tokare su sai suka tsaya.

Ga hujjar da za ka iya nuna wa kowa. Ka ja baya ka dubi tarin daga nesa kaɗan, ka bi tsaga ɗaya da ido. Za ka ga ta taso daga curin ƙasa ta wuce ta tsakanin na sama a miƙe. In kuma akwai farar jijiya ta ƙanƙarar dutse a jikin wani curi, duba na kusa da shi, sau da yawa za ka same ta ta ci gaba a daidai inda ta tsaya. Abin da aka kwaso daga wurare dabam-dabam aka tara ba zai yi haka ba.

Inda tsagogin suka yi kusa da juna sosai, dutsen ya ruɓe gaba ɗaya, nan ne gonakinku da fadamunku. Inda suka yi nisa da juna, ruwa bai sami ƙofa ba, sai aka sami babban falale ko ƙaton dutse mai sulɓi wanda yake ɓarewa falle-falle masu faɗi. Rumfar da zanen yake ciki ita ma daga nan ta samu: ko dai wani curi ya jingina da wani ya bar fili, ko kuma gefen da ke inuwa, wanda danshi yake daɗewa a jikinsa, ya ci gaba da zubewa har ya yi kogo.

Shi kuwa babban da kake tsoron zai gangaro, ya ga damina dubbai a haka. Abin da yake tayar da irinsa shi ne girgizar nakiya, ko a haƙe ƙasar da ke gindin wanda ya tokare shi.

Ƙarar falalen

Samarinku su kwantar da hankalinsu. Ƙarar ba ta nuna ƙarfe, ba ta nuna zinariya, ba ta kuma nuna rami a ciki. Abu biyu take nunawa. Na farko, falalen lafiyayye ne, ƙwayoyinsa a matse suke, babu tsaga ko ruɓewa a cikinsa da za ta shanye bugun. Na biyu, ba a kwance yake a ƙasa ba, ya dogara ne a kan wurare biyu ko uku, sauran jikinsa yana sake a iska, don haka in an buge shi yana iya karkarwa. Mu ma da guduma muke gane lafiyar dutse: mai lafiya yana amsawa da ƙara mai zaƙi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum. Ka gwada da ɗalibai, wani ya ɗora tafin hannu ko ya zauna a gefen falalen yayin da ake bugawa, za ku ji ƙarar ta ragu. Ku kuma buga wurare dabam-dabam, za ku ji murya tana sauyawa gwargwadon kaurin wurin. In aka fasa shi don neman abin da ke ciki, giranit za a tarar irin na waje, ƙarar kuma ta tafi ke nan har abada.

Ƙyalƙyalin da yara suke gani a yashin gindin dutse bayan ruwa, wanda yake yin ruwan zinariya, yawanci baƙaƙen fallayen nan ne da suka yi tsatsa. A sa bakin wuƙa a danna: zinariya tana lanƙwashewa ta baje, wannan kuwa yana rugujewa, kuma ruwa kaɗan yana tafiya da shi saboda ba shi da nauyi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka duba gefen falalen da kyau. In ka ga ƙananan lotsa-lotsa masu santsi, kamar girman tafin hannun yaro, a jere a daidai wuraren da ƙarar ta fi daɗi, to hannun mutane ne ya yi su, bugu bayan bugu, tsawon zamunna. Sun bambanta da ramukan da ruwa yake ci a saman falale, waɗanda gindinsu a baje yake, jikinsu da kaushi, ruwa kuma yana kwanciya a ciki da damina. Sun kuma bambanta da gurbin niƙa, wanda yake dogo kamar kwale-kwale, mai sulɓi sosai. A Birnin Kudu, nan kusa da ku, aka fara jawo hankalin masu bincike na duniya ga irin waɗannan duwatsu masu ƙara. Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952 kuma ya yi suna a binciken kayan Nok, wato tsoffin mutum-mutumin yumɓu da aka tono a ƙasa, shi ya lura da su a 1955 yayin da yake nazarin zanen da ke wurin, ya wallafa bayaninsu a 1956. Daga nan aka riƙa gano irinsu a wasu sassan Najeriya, da Yuganda da Sudan da Tanzaniya. Abin lura shi ne a Birnin Kudu duwatsun masu ƙara suna dab da wuraren zane, kamar yadda ka siffanta naku, kuma an tarar al'adar zuwa wurin tana da alaƙa da bikin aure. Ka tambayi tsofaffin matan garinku ko a ƙuruciyarsu ana kai amarya ko ƙawayenta wajen dutsen, ka rubuta abin da suka faɗa da bakinsu. Wannan ilimi ne da babu injin da zai tono shi in sun tafi.

Su wa suka yi zanen

A Birnin Kudu akwai zane a Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, a jihar Bauchi kuma akwai a Shira da Geji. Yawancin na Birnin Kudu shanu ne, an yi su da ja, wasu da fari ko baƙi. Jan daga ƙasa mai tsatsar ƙarfe ake samunsa, irin koya, a niƙa ta a kwaɓa. Yana daɗewa ne saboda yana shiga ƙofofin dutsen ya kama, rumfar kuma tana kare shi daga ruwa da rana.

Ka je da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da haske yake shigowa a karkace, ka duba bayan shanun. Suna da tozo? Wannan tambaya ce mai nauyi. Shanun da muka sani a yau, bunaji da rahaji da bokolo, duk masu tozo ne, kuma asalin masu tozo daga yankin Indiya yake. Sun bazu a Afirka ta Yamma ne a makare, galibi bayan ƙarni na 7, sannu a hankali. Kafin su, shanun wannan ƙasa marasa tozo ne, wasu masu dogon ƙaho, wasu gajerun ƙaho. Ragowarsu su ne kuri na Tafkin Chadi da muturu na kudu. Shanun da aka zana a Birnin Kudu akasarinsu marasa tozo ne. Wannan ya nuna masu zanen makiyaya ne, ko masu noma da kiwo, da suka rayu da irin shanun da yanzu babu su a garken Jigawa.

Yadda suka zo nan ma yana da alaƙa da sauyin yanayin da na ambata. Tsakanin kimanin shekara dubu 11 zuwa dubu 5 da suka wuce Sahara kore ce, da tafkuna da ciyawa, Tafkin Chadi kuma ya ninka na yanzu sau da yawa. Kwale-kwalen Dufuna da aka tono a jihar Yobe, wanda aka gano a 1987, ya kai kimanin shekara dubu 8, shaida ce ta wancan zamani na ruwa. Makiyaya sun cika Sahara a lokacin, sun bar zanen shanu a duwatsunta. Da ta bushe sai suka yi ta gangarowa kudu da dabbobinsu. A Gajiganna ta jihar Borno an tono ƙauyukan masu kiwon shanu na kimanin shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Dutse irin naku kuwa wuri ne da makiyayi ba zai wuce shi ba: ga inuwa, ga tudun hango garke da abokin gaba, ga ruwan da yake taruwa a gindinsa ya daɗe bayan damina.

Amma a nan dole a yi hattara. Rashin tozo yana nuna tsufa, ba ya ba da shekara. Hanyar auna shekaru da sinadarin kabon tana aiki ne a kan abin da ya taɓa rayuwa, kamar gawayi ko ƙashi ko ƙwayar hatsi, jan fenti kuwa ƙasa ce. Ana iya tona ƙasan rumfar a auna gawayin da ke ciki, amma haɗa abin da ke ƙasa da abin da ke bango aiki ne mai wuya, domin mutane dabam-dabam sun zauna a rumfa ɗaya a zamunna dabam-dabam. Don haka duk wanda ya dubi hoto a waya ya yanke maka shekarun zanen, ko ya ce ƙabila kaza ce ta yi shi, ya faɗi abin da ya fi ƙarfin hujjarsa. Abin da za ka iya gaya wa ɗalibai da gaba gaɗi shi ne mutane ne irinmu suka yi shi, masu ƙaunar shanunsu, kuma tsakanin samuwar dutsen da zuwansu akwai miliyoyin shekaru.

Ka kuma duba ƙasan wurin ba tare da ka tona ba. Bayan ruwan farko akan ga tsingaro mai zanen igiya ko na tabarma, da ƙananan ɓallin ƙanƙarar dutse masu kaifi waɗanda aka fasa da gangan, da kashin maƙera, da ɗan dutsen niƙa. Wani lokaci manomi yakan tsinci gatarin aradu, wanda a gaskiya gatarin dutse ne da mutanen dauri suka wasa da hannunsu. Kowanne yana da magana, amma maganarsa tana tare da inda yake kwance. In aka tsince shi aka kai gida, rabin bayaninsa ya ɓace.

Batun masu fasa dutse

Ba na ƙin fasa dutse. Da tsakuwa ake gina makaranta da asibiti da gada, kuma mutane da yawa a nan suke samun abin sa wa a baka. Ni kaina rijiyar da nake sa a haƙa da kankare ake ɗaure bakinta. Amma giranit ya yi yawa a yankinku, akwai falale da dama da babu zane babu tarihi a jikinsu, nesa da gidaje. Ra'ayina a fili yake: wannan wuri kada a ba da shi. Tsakuwar da za a samu a cikinsa daidai take da ta kowane dutse, abin da ke fatarsa da ƙasan rumfarsa kuwa babu na biyunsa. Ko ba a taɓa rumfar ba, girgiza tana ɓare fatar dutse, ƙura tana rufe zane, curin da ya daɗe a tsaye yana iya motsawa. Ga gidaje da suke tsagewa, ga ƙurar giranit da take lalata huhun mai shaƙarta shekara da shekaru.

Ka fara da mai unguwa da dagaci, su kai maganar ga hakimi. Ku nemi masu fasa dutsen su nuna takardar izini, domin a dokar ma'adinai ta 2007 izinin fasa dutse na kasuwanci daga gwamnatin tarayya yake fitowa, kuma ana neman amincewar masu ƙasar. Sannan ku sanar da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta ɗora wa alhakin irin waɗannan wurare. Tana da cibiyar zanen duwatsu a Birnin Kudu, tana kuma da Gidan Makama a Kano. Sashen binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya shi ma wuri ne da za a iya rubuta wa.

Kafin su zo, abin da aka fi buƙata daga gare ku shi ne a bar wurin yadda yake. Kada a watsa wa zanen ruwa don ya fito a hoto, domin ruwa yana jawo gishirin dutse ya ɓare fentin. Kada a bi shi da alli ko gawayi, kada a shafa shi da hannu, kada a hura wuta a rumfar, ko ta masu farautar rema ko ta masu neman zuma. A hana yara rubuta sunayensu, a kuma daina buga falalen da ƙarfe. Ka ɗauki hoto daga nesa da kusa, ka ajiye rula a gefe ba tare da ta taɓa zanen ba don a san girmansa, ka sa wayarka ta nuna maka lambobin wurin a taswira ka rubuta. Ka yi haka ga falalen mai ƙara da lotsa-lotsansa, da duk gurbin niƙa da ka gani.

In ka turo mini hoton sabon ɓalli na dutsen, wanda ka tsinta a ƙasa nesa da rumfar, an ɗauke shi a rana tare da kwabo ko murfin biro a gefe, da hoton tarin gaba ɗaya daga gabas da kuma daga kudu, zan iya gaya maka ko ya fi kama da tsohon giranit ko sabo, in kuma nuna maka layukan tsagar da za ka bi da ɗalibanka.